Tagar Ofishina a Legas

Aziza,

Ina gaishe ki da mamanki da kowa a Malali. Ya jikin Inna Hansai? Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon ƙafa.

Kin ce in nemo miki masu zanen bakin teku don baje kolinku, tunda tagar ofishina tana kallon ruwa. Aziza, babu ofis. Duk digirin nan nawa, gadin sito nake yi a Agege. Shekara shida rabona da teku. Hotunan da nake turo miki, a jikin kalanda nake ɗauka.

Ran Lahadi zan je Badagry, an ce akwai masu zane can, zan turo lambarsu. Kada ki gaya wa mamanki, bari ta ji daga bakina.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Inuwa