Tsagar da ke Ƙarƙashin Fata

Yaya Mamman,

Bayan gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Agadas? Mu nan Kona lafiya lau, ba don dabararka ba.

Ka aiko a ba Kawu Idi tsohuwar bindigar Baba ya harba ran sunan ɗana. Na fara kai ta wajen maƙeri a Tasawa. Ya farke fatar da ke naɗe da bututun, ya zuba kananzir ciki, sai ga shi yana tsattsafowa ta wata tsaga. Ya ce harbi ɗaya zai tafi da hannun mutum.

Ɗinkinka ne, Yaya, na san shi. Ka ga tsagar, ka rufe, ka yi shiru.

Gaida Hajara, ta sa mu a addu'a. Bindigar tana rataye. In ka zo, harba da hannunka.

Ƙanenka,
Sani