Haɗin Bitrus a Jajibirin Sunan Jikana

Zuwa ga abokina Bitrus, a duk inda kake,

Gaisuwa mai yawa gare ka da iyalinka, da fatan tsufa ya zo maka da sauƙi. Ni ne Sale kuku, abokin aikinka a kulob ɗin Turawan kuza a Jos. Ka bar ni ban san ko harafi ɗaya ba. Daga baya na shiga ajin yamma na yaƙi da jahilci, yau ga ni ina rubuta maka da hannuna. Ɗana zai ɗora a intanet, ko Allah zai sa wanda ya san ƙauyenku ya karanta maka.

Albishirinka, na yi jika! Namiji. Ina Riyad, unguwar Naseem, wajen ɗana Habu da ka sha goyawa a bayan kicin. Yanzu nas ne a asibiti. Tun da aka haifi yaron nan bakina ya ƙi rufuwa.

Ka tuna ranakun Lahadi? Ni ina gasa kifi, kai kana bayan kanta kana haɗa wa Turawa giyar jin da ruwan tonik da lemun tsami. Ban taɓa kai shi baki ba, kai ma ba ka taɓa yi mini tayi ba. Amma ka ba ni labarinsa. Ka ce ɗacinsa mai sanyi ne, ƙamshinsa kamar ɗanyen itace bayan ruwan sama, yana wanke maiƙon kifi daga harshe, mutum ya ji kowace loma kamar ta farko.

Sai ka haɗa mini nawa, babu giya: tonik, lemun tsami, citta, da waɗansu baƙaƙen 'ya'yan itace da kake murjewa da cokali. "Sha, Alhajin gobe, wannan ko liman ya gani zai miƙo kofi." Ka ce ranar da na yi jika kai za ka haɗa wa baƙi.

Na ce bari in tsaya maka. Na bi masu sayar da kayan ƙamshi ina sunsuna buhu-buhu har na same su. A nan ar'ar suke ce musu. Bitrus, da na murje su a tafin hannu sai da na nemi wurin zama.

Ana gobe suna na jiƙa su da citta da lemun tsami cikin kula, tonik sai da safe. Wani abokin aikin Habu, mutumin Filifin, ya shigo barka, ya sunkuya kan kular, ya yi dariya ya ce wannan ai ƙamshin jin ne sak. Fuskar Habu ta sauya. A ƙasar nan giya a gida ɗauri ne da kora. Na rantse masa babu ko ɗigo. Ya ce ya sani, amma gobe gidan zai cika, in wani ya kai magana waje, kafin a gane gaskiya aiki ya tafi, iƙamarsa ta zama a ƙasa ta tafi.

Me zan ce? Cin jaririn nan da shansa suna jikin iƙamar nan, ni kuwa baƙo ne a gidan ɗana. Da kaina na ɗauki kular na tuttular a wurin wanke-wanke, na bi da sabulu. Ina azumin godiya ranar, ina jiran magariba in ɗanɗana. Ko kurɓa ban yi ba.

Washegari aka ci shinkafa da rago, aka bi da lemon kwalba. Na yi ta dariya da baƙi, da gaske kuma nake yi. Kai kaɗai nake gaya wa sauran.

Allah ya sa kana raye, ya ba ka lafiya, ya raya mana yaron nan, ya haɗa fuskokinmu. In saƙon nan ya iske ka, ka aiko mini ko da ma'aunin cittar ne, don har yanzu ban sani ba ko na dace.

Naka har kullum,
Sale kuku, kakan Abdullahi.