Lakar Baba a Firiza

Sentul, Malaysia, 3 ga Fabrairu, 2015

Baba, assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin China? Umma tana gaishe ka.

Kwalaben lakar nan da ka ɗebo bara a bakin kogin da yake daskarewa, waɗanda ka sa a firizarmu ka ce in kula da su, sun narke. Maƙwabciyarmu Anti Hureira ce ta shigo da naman ragon suna za ta sa a firizar, Umma tana kasuwar Chow Kit. Ta ce, "Wace ƙazanta ce wannan, taɓo a wajen abinci?" Ta kwashe su ta jera a baranda. Kafin Umma ta dawo rana ta dafa su, har suna wari.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Zuhra

*

Zuhra,

Wa'alaikumus salam. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ragowar mai da maganin ƙwari da suke kwanciya ƙarƙashin ƙanƙara nake aunawa a lakar nan, kuma da zafi ya taɓa ta awo ya lalace. Da me zan gwada ta bana? Sai mun ƙara shekara a Malaysia ke nan kafin in gama bincikena. Kina tsaye kina kallo? Ba ki da baki ne? Ba na ƙara ba ki amana.

Ki gai da Ummanki.
Babanki

*

Baba, ina gaisuwa.

Ina da baki. Kai ka ce in rufe shi. Ranar da na ce wa Anti Hureira ba ni na fasa mata kofi ba, a gaban mutane ka ce na zama fitsararriya, yaro ba ya musu da babba. Tun ranar kaina a sunkuye yake.

Duk da haka na ce mata, "Anti, na Baba ne." Ta ce, "Babanki ma rusunawa yake ya gaishe ni." To me zan yi? In riƙe hannunta? Da na riƙe, da wani faɗan za ka rubuto.

Ni ma Kano nake so, wajen Kaka. Ƙarin shekarar nan ba kai kaɗai aka yi wa ba. Ita Anti Hureira ba wanda ya ce mata komai, sai ni.

Allah ya dawo da kai lafiya.
Zuhra

*

Zuhra,

Da fatan kuna lafiya. Anti Hureira ni zan yi mata magana. Ina tafe da sababbin kwalabe, a hannunki zan bar su. Duk wanda ya kai musu hannu, ki ce a'a da ƙarfi, ko da ni ne.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki