Ranar da Kika Kira Sunana

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji. 'Yar farinki ce, wadda don alkunya ba kya kama sunanta, sai dai ki ce "waccan".

Kin tuna gidanmu na unguwar Soron Ɗinki, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi? Lokacin ne gigin tsufa ya kama Gwaggo Delu, yayar Baba. Ta manta sunayen 'ya'yanta, ta ci tuwo ta suɗe hannu ta rantse ba a ba ta ba. Kowa ya tausaya mata.

Ke kuwa ko hamsin ba ki kai ba, kuma ba ki manta komai ba. Dangi kaf kin san su, kin san hanyar gidan kowa. Halinki ne ya juya. Ke da ko ruwa ba kya sha a gaban suruki, sai ga ki kina wawurar alkaki a gidan suna. Ƙaninki ya rasu, ko a jikinki. Mutane suka ce da gangan kike, ai mai gigi mantuwa yake yi. Baba ya gaji da surutu, ya mayar da ke gidanku.

Ranar da na kai miki fura, tsakar gida cike da mata, kika ɗaga murya kika ce, "Hauwa!" Na sunkuyar da kai, ban amsa ba. Ba ki sake kira ba, don daga baya maganar ma ɗaukewa ta yi.

Kwanan nan na ba jikata, wadda take likita, labarinki. Ta ce akwai ciwon da ke cin gaban ƙwaƙwalwa, ta wajen goshi. Yana kama mutum da sauran ƙarfinsa, ya fara da hali da kunya da harshe, mantuwa sai can daga baya. Irin na Gwaggo kuwa da mantuwa yake farawa. Ta ce ba za ta rantse ba, amma da alama na gaban ƙwaƙwalwar ne ya kama ki.

Na yi kuka, Inna. Rashin sani ya fi dare duhu. Ku biyu duk ciwo ne ya same ku, ita ta sha tausayi, ke kika sha zagi.

Allah Ya sa jinyar ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinki, Ya yafe mana. Kiran nan naki har yau yana kunnena.

Na'am, Inna.

Taki,
Hauwa