Muryar Mijina Tana Cikin Disk Ɗin da Ya Ƙone

Malama Faridatou, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure kuma ba ni da wanda zan tambaya.

Mijina Illiassou mai ɗaukar bidiyon biki ne a wani ƙauye kusa da Gueskérou. Shekarar da aka tashe mu, ya koma ɗauko mahaifiyarsa, sai gawarsa aka kawo. Ina da ciki lokacin. Abin da na fito da shi daga kayansa shi ne disk dur ɗin da yake tara aikinsa, na naɗe a leda na cusa cikin buhun tattasai har Diffa.

Mutumin nan kullum yana bayan kamera, ko hoto ɗaya nasa ba ni da shi. Amma muryarsa na cikin kowane bidiyo, yana tsokanar amare, yana ce wa tsofaffi su daina ɗaure fuska. Ƴata Haoua ta fara wayo, ta dame ni da tambayar yadda babanta yake magana. Ni kuwa, wallahi, muryar ta fara ɓace mini, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Na ari ordinater, wato kwamfuta, a wurin wata maƙwabciya. Wayar wutar disk ɗin ta ɓata a gudun hijira, sai na ga sharjar ordinater ɗin ta shiga ramin wutar disk ɗin daidai, na jona. Na ji ƙauri, shi ke nan. Ni na ƙona shi da hannuna, Malama, bayan ya tsallake duk abin da ya tsallake.

Kyari, mai gyara a kasuwa, ya ce allon lantarkin da ke ƙasan disk ɗin ne ya ƙone. Ya ciro na wani disk irinsa ya sa. Disk ɗin ya juya, ya yi ƙas-ƙas, bai nuna komai ba. Tsohon allon ya jefa cikin kwalin da masu sayen tsofaffin ƙarafa ke kwashewa. Yanzu ƙanin mijina Maina ya ce a buɗe murfin a goge ciki, Kyari ya ce a gwada allo na uku. Na riga na yi wa yarinyar alkawarin za ta ji muryar babanta. Canza allon zai dawo da muryar, ko in haƙura?

Maman Haoua, Diffa

Maman Haoua, Allah ya jiƙan Illiassou. Ki daina dukan kanki, ramin sharjar ya yaudari waɗanda suka fi ki sanin na'ura.

Kyari bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Idan wuta ta yi yawa, sau da yawa allon kaɗai take ci, abin da ke ciki yana nan. Inda ya gaza shi ne, a yawancin disk akwai wani ɗan ƙaramin guntu a kan allon, galibi mai ƙafa takwas, wanda ke riƙe da saitin wannan disk ɗin shi kaɗai. Baƙon allo, ko da iri ɗaya ne, bai san saitin ba. Sai an cire guntun daga tsohon allo an liƙa a sabo, kuma aikin mai hannu ne sosai. Saboda haka allo na uku ɓata lokaci ne.

Shawarar Maina kuwa, a bar ta. Ƙura kaɗan ta shiga cikin murfin nan, an gama. Kada kuma a sake jona shi, kowane ƙas-ƙas na iya ƙara ɓarna.

Yau ɗin nan ki je wurin Kyari ki karɓo tsohon allon. In kin same shi, ki haɗa da disk ɗin ki nemi ƙwararre a Damagaram ko Yamai, ki tambaye shi tun farko ko ya taɓa mayar da irin wannan guntu. Ki kuma cigita wurin mutanen garinku, wataƙila wani ya tsira da bidiyon bikinsa a waya.

Ba zan ɓoye miki ba: in wutar ta wuce allo ta shiga ciki, ko an riga an kwashe kwalin, da wuya ƙwarai a samu komai. Don haka ki zaunar da Haoua ki gaya mata gaskiya, cewa kina nema amma ba ki da tabbas. Sannan ki kwaikwaya mata muryar babanta da bakinki, iya abin da ya rage miki, tun bai ƙarasa tafiya ba.

Allah ya sa ki tarar da kwalin, ya raya miki Haoua.