Gwaran da ke Ƙarshen Sanda

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Ya yara? Ni lafiya lau nake, kada ku damu.

Kin tambayi aikina. Gwara nake ciyarwa a wani binciken makaranta, ki yi dariyarki. Keji biyu ne: na farko muna ba su abinci mai gina jiki, na biyu tsaba zalla. Idan sun sake gashi sai mu auna. Masu ƙoshi sheƙi suke yi, sauran kuwa sun dusashe, har matan ba sa kallonsu.

Akwai wani koɗaɗɗe a keji na biyu da ke takurewa a ƙarshen sandar da suke sauka a kai. Da shi kaɗai nake Hausa a nan. Malaminmu ya hana ƙara musu ko ƙwaya, sai dai kullum in ba gwaran haƙuri.

Hoton da Inna ta nema, ki ce mata yana tafe. Wallahi ina cin abinci, ci ni kaɗai ne ba ya kama jiki. Kin san idonta, ya fi ma'auninmu gani.

Allah ya haɗa fuskokinmu, amma ba wannan fuskar ba tukuna.

Ƙaninki