Abin da ban fassara wa Baba ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara, bayan gaisuwa ta ladabi da addu'ar Allah Ya kai haske makwancinki.

Inna, Baba yana wurina a unguwar Ganou, nan Parakou, yau kwana tara. A rumfarsa ta Djougou abin ya same shi, yana zaɓen goro: hannun dama ya saki, baki ya karkace, kafin a kawo ruwa ya warware. Kin san mijinki. Sai ya aika aka kira wanzami ya kafa masa ƙaho a ƙeya, wai mugun jini ne. Da kuka na taho da shi Parakou.

Likita ya yi masa hoton wuya. Ya ce jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta tsuke, kitse ya kusa toshe ta. In ba a tsaga an kankare ba, shanyewar ɓarin jiki na tafe. Ya ƙara da cewa aikin ma kansa yana iya jawo ta, wani ma ba ya farkawa.

Da Faransanci ya faɗa, ni ce tafinta. Baba ya zuba mini ido, na ce masa ɗan wankin jijiya ne kawai. Ya dangwala yatsa a takarda yana yi wa likita barkwanci.

Ke kika koya mini haka. Lokacin ciwon Kaka kin sha ce mana, "Ba a gaya wa mai ciwo nauyin ciwonsa." Kawu Sani, ƙanen Baba, shi ma ya ce na yi daidai, kuma kada in kuskura.

Amma Inna, Baban da ko nan kusa Partago zai je cin kasuwa sai ya bi gida-gida yana neman gafara, ga shi zai kwanta a sa masa wuƙa a wuya bai sallami kowa ba. Shekara biyu ba sa magana da Yaya Bashir. In na faɗa masa gaskiya, wallahi takalminsa zai ɗauka ya koma gida ya jira abin da zai kayar da shi. In na yi shiru, na hana shi shirin da yake haƙƙinsa. Ina jin tsoro, ina kuma jin haushinki, don ke kaɗai kike iya gaya masa magana mai ɗaci ya zauna ya saurara.

Jibi Laraba za a shiga da shi. Ɗazu bayan la'asar ya ce in je tasha in kama masa kujerar gaba a motar Djougou, wai da an gama wankin, a masallacin unguwarmu yake so ya yi Juma'a. Na ce to. Har na je na kama.

Allah Ya jiƙan ki, Ya tashi kafaɗar Baba, ni kuma Ya yafe mini ko wanne na zaɓa kafin jibi.

'Yarki,
Rabi